KIWON RUWAN DA KE SANYAYA KWAMFUTA

Kowa ya san ruwa da wutar lantarki ba su ga maciji da juna. Ko yaro ƙarami a kan kwaɓe shi in ya nufi makunni da jiƙaƙƙen hannu. Saboda haka ba laifi in mai karatu ya riƙe baki sa'ad da ya ji cewa akwai kwamfutocin da a ke ɗura wa ruwa da gangan, ruwan yana ta zagawa a cikin tiyo, tsakaninsa da wayoyin wuta bai wuce kaurin ɗan yatsa ba. Amma haka abin ya ke. Masu zanen gine-gine, da masu harhaɗa hotunan sinima, da masu bincike a jami'o'i, da samari masu wasannin kwamfuta, akwai da dama daga cikinsu waɗanda da ruwa su ke sanyaya na'urorinsu. Sau da yawa kuma su da kansu su ke sayen kayan ɗai-ɗai su haɗa yadda su ke so.

Abin da ya sa muka ga ya kamata mu yi wa malamai da akawuna bayanin wannan al'amari shi ne, in irin wannan na'ura ta shigo ofis ko makaranta, a hannunsu a kan danƙa ta, su ne kuma za a tambaya ran da ta lalace. Maganar da mu ke so ta zauna a zuciyar mai karatu guda ce, watau duk wanda ya zuba ruwa a cikin na'ura ya ɗauki alkawarin fitar da shi a kan lokaci. Misalinsa kamar mai soron ƙasa ne. Gini ba ya ƙarewa ran da magina suka sauko, gama akwai indararo da za a riƙa dubawa, akwai kuma yaɓe kafin kowace damina.

DALILIN ZUBA RUWA

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan abu wanda faɗinsa bai fi akwatin ashana ba. Shi ne ke yin lissafi duka, shi ya sa a ke kiransa ƙwaƙwalwar na'ura. A manyan na'urori akwai na biyunsa a jikin katin hoto, shi ke zana abin da ido ke gani a fuskar gilashi. To, duk wutar da waɗannan biyu suka sha, zafi ta ke komawa. Ƙwaƙwalwar nan ta kamfanin Intel mai suna Core i9-13900K, wadda ta fito a 2022, ta kan sha har wat 253 in aiki ya yi tsanani. Katin hoto na kamfanin Nvidia mai suna RTX 4090, shi ma na 2022, wat 450 ya ke sha. In an haɗa, sun yi daidai da ƙwan lantarki irin na da mai wat 100 har guda 7, duka a cunkushe cikin akwati ɗaya. In zafin ƙwaƙwalwa ya kai wajen digiri 95 ko 100 a ma'aunin Salshiyas, sai ta rage sauri da kanta don kada ta ƙone. In hakan bai isa ba, sai na'urar ta mutu tsakiyar aiki.

Yawancin kwamfutoci da iskar fanka a ke sanyaya su, ta kuwa ishe su. Fifikon ruwa a kan iska shi ne ƙarfin ɗaukar zafi. Ruwa lita ɗaya ya kan ɗauki zafin da ya ninka na iska lita ɗaya fiye da sau 3,000 kafin ɗuminsu ya ƙaru daidai da juna. Ga wani lissafi da malami zai iya bai wa 'yan makaranta: in na'ura tana fitar da zafin wat 500, ruwa kuma yana wucewa lita 4 a kowane minti, ɗumin ruwan ba zai ƙaru da digiri 2 cikakku ba a wucewa ɗaya.

Dabarar ba ta yau ba ce. Tun a shekarun 1960 kamfanin IBM na Amurka ya yi amfani da ruwa wajen sanyaya babbar na'urarsa System/360 Model 91, ya kuma inganta dabarar a na'urar 3081 wadda ya sanar a 1980. A 1985 aka fito da Cray-2, wadda ita kam kayan cikinta a nutse su ke tsundum a wani ruwan magani mai suna Fluorinert, wanda wutar lantarki ba ta bin sa. Wajen ƙarshen shekarun 1990 masu sha'awa suka shigo da abin cikin gidajensu, suna haɗa famfon tankin kifi da ƙaramin lagireto na mota. Daga nan ne kamfanoni suka shiga ƙera kayan musamman domin wannan aiki.

HANYAR DA RUWAN KE BI

Kafin mu zo kan zubar da ruwa, wajibi ne mu san hanyar da ya ke bi. Da fari akwai tanki, inda a ke zuba shi. A ƙarƙashin tanki akwai famfo mai tura shi, waɗanda aka fi sani kuwa su ne D5 da DDC. Daga famfo sai ya bi tiyo zuwa farantin ruwa, watau wani ɗan akwati mai gindin jan ƙarfe wanda a ke ɗaurewa a bisa ƙwaƙwalwa. A cikin farantin an tsaga ƙarfen siri-siri kamar haƙoran matsefi, tsagin ma bai kai kaurin farce ba, ta nan ruwa ke ratsawa yana kwasar zafi. Sa'an nan ya wuce lagireto, wanda bai bambanta da na mota ba sai ƙanƙanta, inda fankoki ke hura masa iska ya huce, ya komo tanki. A kowace mahaɗa akwai noti, a cikin kowane noti kuma akwai ɗan zoben roba, shi ne ke hana yoyo. Ruwan duka bai cika wuce lita ɗaya ko ɗaya da rabi ba.

Abin lura a nan shi ne, ruwa ba ya kashe zafi, dakonsa kawai ya ke yi daga ƙwaƙwalwa zuwa iskar ɗaki. Saboda haka ruwan ba zai taɓa fin ɗakin sanyi ba. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu kan kai digiri 40 har ya zarce, ruwan na iya kaiwa digiri 50 ko fiye in ɗakin ba shi da na'urar sanyaya iska. Masu ƙera famfon D5 kuwa sun ƙayyade kada ruwa ya wuce digiri 60, tiyo mai tauri irin na PETG shi ma ya kan fara laushi in zafi ya doshi nan. Ashe ke nan mu da ke ƙasar zafi ratar da ke tsakaninmu da haɗari ta fi ta mutanen Turai ƙanƙanta, sakacin da za su yi su tsira mu ba lalle mu tsira ba.

Akwai wani iri kuma wanda a ke sayarwa a haɗe, a liƙe tun daga masana'anta. Shi wannan ba a yi shi don a buɗe ba, in ya tsufa sai a sake wani. Maganarmu a kan wanda aka haɗa da hannu ce.

RUWA BA YA TSAMI BANZA

Wani zai ce, ai ruwan a rufe ya ke, me zai same shi? Abubuwa biyar ne ke samunsa.

Na fari gansakuka da sauran ƙananan halittu. Ruwa mai ɗumi wanda haske ke ratsawa, ai gona ce gare su. Duk wanda ya bar randa wata guda ba wanki ya san santsin da kan kama cikinta.

Na biyu cin ƙarfe, shi ne kuwa mafi muni. A 1800 wani masani ɗan ƙasar Italiya, Alessandro Volta, ya nuna cewa in aka jera ƙarfe iri biyu aka sa ruwan gishiri tsakaninsu, wutar lantarki kan gudana. Asalin batir ke nan. To, in aka haɗa farantin jan ƙarfe da lagireto na alminiyam a hanyar ruwa ɗaya, an yi batir ba a sani ba. Alminiyam ɗin ne zai riƙa zagwanyewa sannu a hankali, dattinsa ya toshe tsagin faranti, har wata rana ya huje. Jan ƙarfe da tagulla da nikel suna zaman lafiya da juna, amma alminiyam sai dai a yi hanyar duka da shi kaɗai.

Na uku tiyo da kansa. Tiyo mai laushi na PVC akwai wani mai da a ke cuɗa shi da shi don ya riƙa lanƙwasuwa. Ruwan ɗumi kan tsotso man nan a hankali, tiyon ya dushe ya yi tauri, man kuma ya je ya daskare a cikin faranti kamar farin kitse. Baƙin tiyo na EPDM ba ya yin haka, sai dai ba a ganin ruwa ta cikinsa.

Na huɗu launi. Samari suna son ruwa mai kauri kamar madara, ja ko shuɗi, domin ado. Ƙananan ƙwayoyin da ke ba shi wannan kauri su kan kwanta kamar yadda gasara ke kwanciya a gindin ƙwarya, ba kuwa inda su ke son kwanciya kamar tsagin nan siri-siri.

Na biyar ƙura, ita daga waje ta ke zuwa. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura kan liƙe hancin lagireto har iska ta kasa wucewa. Ban da waɗannan duka, ruwan kan ragu da kansa, gama yana tsatsafowa ta jikin tiyo a hankali ya bi iska ko da ba yoyo.

Domin haka masu ƙera ruwan sanyaya su kan ba da shawara a sake shi tsakanin wata 6 zuwa 12, mai kauri kuwa tun kafin haka. Amma in ruwa ya sake launi, ko ya yi duhu, ko famfo ya fara ƙara, ko zafi ya ƙaru ba dalili, kada a tsaya jiran kalanda.

TUN RAN GINI, RAN ZANE

Wahalar zubar da ruwa ko sauƙinsa tun ranar haɗa na'ura a ke yanke shi. Mai haɗawa in ya san aikinsa zai sa mahaɗa mai baki uku a wurin da ya fi ko'ina ƙasa a hanyar ruwan, galibi kusa da famfo, ya ɗaura bawul a baki na ukun, ya toshe bakin bawul ɗin da murfi don ko hannu ya taɓa shi bisa kuskure. Zai kuma bar wata kafa mai murfi a can sama. Kuɗin waɗannan bai taka kara ya karya ba in aka gwada da kuɗin katin hoto. Duk wanda za a kawo wa irin wannan na'ura, tambayarsa ta fari ga mai kawowa ita ce, ina mafitar ruwan? In babu, a sa ya ƙara kafin a sa hannu a takardar karɓar kaya. Soron da ba indararo, ruwa da kansa zai nemi hanya, ba kuwa zai nemi shawarar mai ɗaki ba.

YADDA A KE ZUBAR DA RUWAN

A zaɓi ranar da ba aikin gaggawa, gama aikin ya kan ci yini guda, gwaji kuma ya ci wani. Tun da fari a kwafe muhimman takardun da ke cikin na'urar zuwa wani wuri. A tanadi bokiti, da guntun tiyo, da mazurari, da tsumma mai tsabta, da takarda mai shan ruwa, da sukundireba, da buroshin haƙori mai laushi.

1. A kashe na'ura, a zare wayarta daga bango ɗungum, sa'an nan a danna makunninta na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita. A bar ruwan ya huce.

2. A ɗora na'urar bisa tebur, a ajiye bokiti a ƙasa. A ɗauki hoton cikinta ta kowane gefe, domin ranar mayarwa hoto ya fi tunani aminci.

3. A shimfiɗa takarda mai shan ruwa a bisa katin hoto, da babban allo, da akwatin wuta, da ƙarƙashin kowace mahaɗa.

4. A tabbata bawul a rufe ya ke, a cire murfinsa, a ɗaura guntun tiyo, a saka ɗaya bakin cikin bokiti, kana a buɗe bawul.

5. Za a ga ruwa ya ɗan zubo ya tsaya. Ba toshewa ya yi ba, iska ce ba ta sami hanyar shiga ba. Kowa ya san gwangwanin madara sai an huda shi wuri biyu ya ke zuba sosai. A buɗe murfin nan na sama a hankali, ruwa zai taho.

6. In ya tsaya, a karkata na'urar gaba da baya, dama da hagu, a hankali, a kuma mai da murfin sama kafin a karkata ƙwarai. Lagireto da farantin katin hoto su kan ɓoye ruwa mai yawa, saboda haka kowane noti za a kwance a ɗauka akwai ruwa a bayansa, a tare da tsumma.

Wanda na'urarsa ba ta da bawul, sai ya fito da tanki da famfo waje in tiyo ya ba da hali, ya riƙe su bisa bokiti, ya cire tiyon da ya fi ƙasa. In tiyo mai laushi ne kuma za a sake shi, a matse shi wuri biyu a yanke tsakani.

Gargaɗi biyu a nan. Kada a kunna famfo don ya taimaka wajen korar ruwa. Famfon D5 a bisa wani ɗan ƙwallo mai santsi ya ke juyawa, ruwan nan kuwa shi ne mansa, in ya juya a bushe ya kan lalace nan da nan. Kada kuma a sa baki a tiyo, ko don hurawa ko don zuƙa. Waɗansu ruwayen sanyaya akwai itilin gilaikol a cikinsu, irin na lagireton mota. Yana da zaƙi a baki, amma dafi ne mai kashe ƙoda. Saboda wannan dalili kada a zubar da tsohon ruwan a kwata ko tsakar gida inda kaji da awaki ke sha, kada kuma a ɗura shi a kwalbar lemo a ajiye inda yara ke kaiwa. A zuba a jarka mai murfi, a rubuta a jiki, a bi umarnin da ke kan kwalbarsa wajen zubarwa. In wani ya sha, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, kada a jira alama ta bayyana.

WANKI

In tsohon ruwan ya fito garau, ya isa a ɗauraye hanyar da tataccen ruwa sau biyu ko uku, ana cikawa ana zagayawa ana zubarwa. In kuwa ya fito da datti, to, sai an wargaza.

Lagireto a ciro shi, a zuba masa tataccen ruwa mai ɗumi zuwa rabi, a toshe, a girgiza, a juye a farin kwano don a ga abin da ya fito. A yi ta maimaitawa har ruwan ya fito fes. Sabon lagireto ma haka a ke yi masa kafin a ɗaura, gama a kan sami ragowar dattin liƙin dalma a cikinsa tun daga masana'anta. Ƙurar da ke waje kuma a kaɗe ta da buroshi, a hure.

Faranti a kwance shi a bisa tire don kada ƙananan kusoshi su ɓace, a lura da yadda kowane abu ke zaune. A goge tsagin da buroshin haƙori da ruwan sabulu kaɗan, ana bin tsawon tsagin, ba a gicciye ba, a ɗauraye sosai. A sani waɗansu kamfanoni su kan janye lamunin da suka bayar in an buɗe farantinsu, saboda haka a karanta takardarsu tukuna. Abu biyu ne suka fi ɓata faranti a hannun mai wanki. Ruwan tsami, kamar na lemo, yana wanke jan ƙarfe tsura, amma yana cin fatar nikel da a kan shafe waɗansu farantai da ita. Sifirit kuma yana tsattsaga murfin nan mai kama da gilashi wanda a ke yi da akirilik. Tsagar ba ta cika bayyana ran nan ba, sai bayan an ɗaure an cika ruwa.

A duba zoben roba ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya baje, ko ya bushe, ko ya tsage, a sake shi, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tiyo mai laushi in ya dushe a sake shi gaba ɗaya. In an ɗaga faranti daga bisa ƙwaƙwalwa, tilas a goge tsohon man nan mai toka-toka da ke tsakaninsu a shafa sabo, domin shi ke cike 'yan ramukan da ido ba ya gani, zafi ya sami hanyar wucewa. Wajen ɗaure noti kuwa ƙarfin yatsu ya isa. Zoben roba ne ke tare ruwa, ba ƙarfin damtse ba, wanda ya sa filaya ya kan fasa murfi.

IRIN RUWAN DA ZA A ZUBA

Ruwan rijiya, da na burtsatse, da na famfo, da na leda, duk ba su dace ba, kome kyansu a ido. Akwai gishiri-gishirin ƙasa a narke cikinsu, irin wanda kan bar farin ɓawo a gindin butar shayi. Abin da a ke bukata shi ne tataccen ruwa, watau wanda aka dafa ya zama tururi, aka tari tururin ya koma ruwa. Shi ma ba ya isa shi kaɗai, sai an gauraya shi da maganin da ke hana gansakuka da cin ƙarfe, bisa ma'aunin da aka rubuta a kwalba, ko kuwa a sayi wanda aka riga aka gauraya. Kada a haɗa na kamfani biyu, gama magungunansu na iya ƙin juna su yi gudaji.

Mu yi hattara da abin da a ke kira ruwan batir a kasuwa. Sunan nan ya kan hau tataccen ruwa, ya kan kuma hau ruwan asid wanda a ke zuba wa sabon batir. Na biyun in ya shiga na'ura ya gama da ita, in ya taɓa hannu ya ƙone shi. A karanta abin da ke rubuce, in ba rubutu a bar shi.

Akwai masu cewa tataccen ruwa wutar lantarki ba ta bin sa, don haka ko ya zuba ba kome. Gaskiya ne ran da ya fito daga kwalba da ƙyar wuta ke bin sa. Amma da ya zaga cikin ƙarfe ya kwashi ɓurɓushinsa, ko ya ɗiga a bisa allo mai ƙura, ya zama kamar kowane ruwa.

GWAJI DA CIKAWA

Kada a ba allo wuta sai an tabbata ba yoyo. Hanya mafi aminci ita ce gwaji da iska tun kafin a zuba ruwa. Akwai ɗan famfon hannu mai agogo wanda a ke yi domin haka. A kan hura kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na iskar tayar mota, ko abin da mai kayan ya ƙayyade, a jira minti 15. In allurar agogon ba ta sauka ba, hanya ta ɗinke. Kada a kai wa mai faci ya hura da injinsa, ƙarfin ya yi yawa nesa.

Wajen cikawa famfo kaɗai a ke bai wa wuta. A cire dukan wayoyin da suka tashi daga akwatin wuta zuwa allo, da katin hoto, da ma'ajiyar bayanai. Babbar wayar nan mai baki 24, akwai ɗan murfi da a ke sayarwa wanda in an tura mata sai akwatin wuta ya tashi ba tare da allo ba. Aikinsa shi ne haɗa koriyar waya da baƙa. Da ya ke a akwatunan yanzu sau da yawa wayoyin duka baƙaƙe ne, murfin ya fi laluben hannu. Shi akwatin wutar kuwa ba a buɗe shi ko kaɗan.

A cika tanki da mazurari, a kunna famfo, da ruwa ya kusa gindin tanki a kashe, a ƙara, a sake kunnawa. Haka za a yi ta yi har ruwa ya zago ya komo. Sa'an nan a sa sabuwar takarda a ƙarƙashin kowace mahaɗa, a bar famfo yana aiki. Masu taka-tsantsan su kan ba shi awa 24. In an ɗauke wuta a tsakani, awoyin da famfo ya yi yana juyawa su a ke ƙirgawa. Kumfa za ta yi ta fitowa, famfo ya riƙa ƙara kamar ana tauna tsakuwa. A riƙa karkata na'urar a hankali don iskar da ta maƙale a lagireto ta taho tanki, ana ƙara ruwa. In an ga ɗigo, a kashe, a gyara, a soma ƙirga daga fari. In ruwa ya taɓa allo, a bar shi ya bushe sarai, ko da zai ɗauki kwana biyu ko uku.

LITTAFIN LURA

A nan ne akawu ya fi kowa gwaninta. A buɗe wa na'ura littafi kamar yadda a ke buɗe wa motar ofis. A rubuta ranar da aka sake ruwa, da irinsa, da abin da aka gani, da sunan wanda ya yi aikin. A yi wa tanki alama daidai bakin ruwa. Kowane wata, a ba na'ura aiki iri ɗaya mai nauyi, a rubuta lamba uku: zafin ɗaki, da zafin ruwa in akwai ma'auninsa, da zafin ƙwaƙwalwa.

Lambobin nan su ne za su faɗi inda ciwo ya ke tun ba a kwance kusa ko ɗaya ba. In ratar da ke tsakanin ruwa da ɗaki ta ƙaru, daga digiri 10 misali ta koma 18, to, lagireto ne ya sha ƙura ko fanka ta gaji. In wannan rata tana nan yadda ta ke, amma ƙwaƙwalwa ta ƙara zafi, to, faranti ya toshe, ko man haɗi ya bushe, ko famfo ya yi rauni. In ruwa ya sauka ƙasa da alama farat ɗaya, a kashe na'ura a nemi yoyo. Ran da aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki kuma, littafin ne zai gaya wa magajinsa inda aka kwana.

WA YA KAMATA YA ƊAUKI WANNAN NAUYI?

Kwamfutar da a ke buga wasiƙu da lissafin albashi da sakamakon jarrabawa ba ta bukatar ruwa ko kaɗan. Fanka mai kyau da kaɗe ƙura a kai a kai sun ishe ta, ko ta lalace kuma ba ta jiƙa kome. Ruwa na masu aiki mai nauyi ne, waɗanda ke da lokacin kiwonsa da kuɗin kayan gyaransa. Shugaban makaranta ko na ofis, in an kawo masa shawarar sayen irin wannan na'ura da kuɗin jama'a, ya tambaya wa zai kula da ita, ina za a sami ruwanta da zobbanta, nawa ne kuma kuɗinsu a shekara. In ba amsa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda kuwa ta riga ta zo hannunsa, muna ba shi shawara ya duba yau, ya ga ko tana da mafitar ruwa, ya nemi sanin ranar da aka sake ruwanta na ƙarshe. In ba wanda ya sani, to, lokaci ya yi. Yini guda da lita biyu ko uku na tataccen ruwa sun fi araha bisa ga sabon katin hoto da aikin wata shida da ya salwanta. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.